Dutse da Safe, Teku da Yamma

Mutane suna dariya idan na ce "a zamaninmu", wai ni da ko gemu ban gama tarawa ba, ina na ga zamani. To su yi ta yi. Tsufa ba furfura ba ce kaɗai. Wanda aka taru aka ci amanarsa, uwa da uba da maƙwabta, har da ƙanwarsa da ko ɗaurin ɗankwali ba ta iya ba, ai ya riga ya tsufa ko da bai gama sakandare ba. Ni ne wannan tsohon. Abin da ya tono mini zancen kuwa, ganyen itatuwan bayan gidanmu na Upper Marlboro, nan Amurka, ne ya fara ja, na leƙa falo na tarar kowa ya sunkuya a kan wayarsa kamar masu tsince tsakuwa a shinkafa. Babu wanda ya ɗago ya ce ku tashi mu je dutse.

Da ba haka muke ba. Da a Landover muke zaune, a wani dogon bene mai ɗakuna kamar saƙar zuma, inda in maƙwabci ya yi atishawa sai ka ce masa yarhamukallahu ta bango. A nan muke da Iya, mahaifiyar Abba. Wankan jegon ƙanwata ta zo yi wa Umma, da niyyar in an yi arba'in ta koma, sai ga shi jaririyar ta yi haƙori, ta famfare, ta shiga makaranta, Iya tana nan. Maigida take ce mini, kamar yadda kakanni ke tsokanar jikokinsu maza, ni kuma in ce mata tsohuwar matata. A ɗakinta Turanci bakin ƙofa ake barin sa tare da takalmi. In na kuskura na shigar da shi, kunnena ne ke biya. Wannan kunnen na dama da kuke gani ya fi na hagu tsawo, aikinta ne.

Ranar fita yawo ba a tashin kowa, ƙarar ƙararrawar hayaƙi ce ke tashin mu. Da an idar da sallar asuba Umma za ta jefa kaji a mai, abin nan da ke manne a silin ya fara ihu kamar an taka wutsiyar kyanwa, aikina kuwa shi ne in hau kujera da faifan Iya in yi ta yi masa fifita har ya huce. Shekarun da na yi ina lallashin wannan abu, da mutum ne da yanzu ya ba ni 'yarsa. Can gefe kuma ga ƙwal-ƙwal na ƙaramin turmin Iya tana daka yaji, an ɗora shi a kan filo don kada mutanen ƙasa su buga mana sanda a silinsu. A cika kuloli da dafa-duka, a ciro robobin zoɓon da suka kwana a firji suka zama dutse, a naɗe tabarmi, a haɗa butoci. Iya takan ce mai fita ba buta bai fita ba, gudu ya yi. Ni ne jakin gidan, ni nake sauke kayan nan daga bene zuwa mota, har in fara tunanin ko ƙaura muke yi ba a gaya mini ba. Ashe akwai ranar da wannan tunanin zai zama gaskiya.

Motar ta Kawu ce. Ba jininmu ba ne, mutumin Nijar ne mai tuƙa tasi a cikin Washington, amma a Landover duk mai jin Hausa kawunka ne. Yana da wata doguwar mota da yake cewa mutum takwas take ɗauka, mu kuwa, har da maƙwabtan da kan bi mu, ba mu taɓa ƙirga kanmu ba don kada mu ji kunya. Sai Anti, nas ce 'yar Filato, babbar ƙawar Iya. Ita Kirista ce, saboda haka in mun tayar da salla ita ke gadin abinci, kuma ba ta taɓa zuwa ba tare da tukunyar gwatenta ba. Abba kuwa likita ne, asibiti ta riga ta aure shi, da ƙyar muke samun aronsa.

Wurin da na fi so duk duniya shi ne hanyar nan da ke bin ƙashin bayan duwatsun Shenandoah. Za ku bar gari, ku bar gonaki, sai hanya ta fara murɗewa tana hawa, kunnuwa su toshe, ƙanwata ta yi amai a kan ƙafata, sannan ka san an iso. An yi wuraren tsayawa a gefen hanya, da 'yar gajeriyar katangar duwatsu. In ka tsaya a nan sai ka ga duniya ta shimfiɗe a ƙarƙashinka, gonaki kamar zanen da aka yi wa faci, kogi yana lanƙwasa a tsakaninsu, can nesa kuma wasu duwatsun shuɗi-shuɗi kamar an turara su. Lokacin da sanyi ke ƙaratowa ganye yakan koma ja da ɗorawa da ruwan goro, ka rantse gobara ce ta kama dajin ba hayaƙi. Iska ta wurin ma daban ce, tana da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, kuma in kowa ya yi shiru kana jin faɗuwar ganye ɗaya.

Amma wa zai yi shiru Iya tana wurin? Da ta sauko sai ta gyara mayafi ta taɓe baki.

"Wannan ne dutsen da aka hana ni barci dominsa? Dutsen kirki ba ya sa riga. Namu na gida tsirara yake, ba ya ɓoye komai."

"To koma mota mana, tsohuwa," in ji ni.

"In koma in bar ka ka faɗa rami, a ce na yi takaba a ƙasar mutane?"

Duk da wannan cika bakin, ita ce ta ƙarshen komawa mota kullum. Sai ta bi gefen hanya tana tsinkar ganye tana murzawa tana shinshinawa, wai wannan ɗan'uwan tafasa ne, wancan zai yi maganin shawara. Abba ya ce mata an hana tsinka, ta ce dajin Allah ma sai da izinin hukuma? Bareyi sukan fito su tsaya suna kallon mu, ta ce barewar ƙasar nan ba ta da tarbiyya, tana kallon babba ido cikin ido kamar yaran ƙasar. In lokacin azahar ya yi sai rigimar alƙibla ta tashi, Abba da 'yar na'urarsa, Kawu da rana, har sai Anti ta ce ku yi sauri dai, gwate yana hucewa. Kuma ba ma barin wuri sai Iya ta tsince kowace ƙwayar shinkafa ta share gurbin tabarma da ɗan reshe. Ita ba ta barin aiki a bayanta. Ko a gida ba ta taɓa kwanciya da kwano ɗaya ba a wanke ba.

Wani lokacin in Kawu ba shi da isasshen lokaci sai mu tsaya kusa, inda kogin Potomac ke faɗowa tsakanin duwatsu da ruri, wurin da ko zagin mutum ka yi ba zai ji ba, na kuma gwada. In zafi ya yi kuwa sai mu juya gabas, mu nufi teku. Can akwai wani tsibiri mai farin yashi inda dawakai ke yawo ba linzami ba ubangida. Wata rana ɗaya daga cikinsu ya zo har tabarmarmu, ya tura kai cikin jaka ya ɗauke ledar cincin ɗin Umma gaba ɗaya. Kowa ya watse, Kawu har da barin takalmi, Iya kaɗai ta tsaya tana yi masa faɗa, wai ɗan gidan uban waye shi, ba sallama ba gaisuwa. Na rantse dokin nan sunkuyar da kai ya yi. A hanyar dawowa Anti ta sayo ƙaguwa aka dafa da yaji, Iya ta leƙa ta ce ita ba ta cin kunama ko da ta yi wanka.

Kafin a kai tekun sai an haye wata gada, doguwa ce har ka yi zaton ba a gama ginin ƙarshenta ba, ga tsawo, ga ruwa ta ko'ina. Nan kaɗai bakin Iya ke mutuwa. Ta rufe ido, carbi a hannun dama, hannuna a na hagu, tana matsawa har yatsuna su yi fari. Wata rana da muka sauka daga gadar ta buɗe ido ta sauke numfashi.

"Wannan Kawun naka tuƙin 'yan kasuwa yake yi. Maigida, yaushe za ka girma ka ɗauki matarka da kanka?"

"Da na samu lasisi. Ni da ke kawai. Dutse da safe, teku da yamma, rana ɗaya."

"Permi ba wasa ba ne, yaro," in ji Kawu, don haka suke kiran lasisi a ƙasarsu.

"Rabu da shi, kishi yake," in ji Iya. "Ranar da ka tuƙa ni, da idona a buɗe zan haye gadar nan. Kawo hannu."

Muka tafa, a gaban shaidu cike da mota. Ku riƙe wannan, don duk wanda ke cikin motar nan ya ji, kuma duk cikinsu babu wanda daga baya bai sa hannu a abin da aka yi mini ba.

Daga ranar na ɗauki maganar da gaske fiye da karatu. Na haddace littafin dokokin hanya kamar za a yi mini saukarsa. Da shekaruna suka kai na karɓi takardar koyo, Kawu ya riƙa kai ni filin ajiye motoci na wani kanti da sassafe, ina tuƙi yana salati. In na dawo Iya ta tambaye ni mutum nawa na take yau. Saura 'yan watanni in yi jarrabawa sai na fara ganin wasu abubuwa a gida. Manyan jakunkuna suka bayyana a bayan ƙofar Iya, na tambaya, Umma ta ce kayan sadaka ne za a aika gida. Na ga turmin Iya a kicin ɗin Anti, aka ce aro ta yi. Umma da Iya suka riƙa zuwa kanti suna dawowa da takalman yara da man shafawa da agogo, aka ce rangwame ake yi. Ni kuma da ake cewa na fi kowa wayo a ajinmu, na haɗiye duka ko ruwa ban nema ba.

Sai aka shirya zuwa dutse, ganye ya yi ja sosai a shekarar. Abin da ya kamata ya farkar da ni shi ne Abba ya ɗauki hutu da kansa ba wanda ya roƙe shi. Aka soya kaji kamar na biki. A can sama aka yi ta ɗaukar hoto, kowa da Iya, Anti tana ta goge ido tana cewa iska ce. Ranar Iya ba ta zagi dutsen ba ko sau ɗaya. Bayan la'asar, ana naɗe tabarmi, ta yafito ni zuwa ƙarshen 'yar katangar nan, inda ake hango kwarin gaba ɗaya. Ta zauna, ta kama hannuna kamar muna kan gada.

"Maigida, zauna. Zo mu yafi juna. Duk abin da na yi maka, wanda na sani da wanda ban sani ba, ka yafe mini. Ni na yafe maka duniya da lahira."

Ni a Amurka na yi wayo. Ban taɓa ganin an yi wannan ba. Na ɗauka sabon salon tsokana ne, na gyara zama na fara lissafa mata laifuffukanta: kunnena da ta ja har ya fi ɗan'uwansa, alewata da take sacewa ta ce ɓera ne, ranar da ta kai ƙarata wurin Abba don na yi salla ba alwala, da man zafin da take sa ni shafa mata a gwiwa har abokaina a makaranta suka sa mini suna.

"Ban yafe ba," na ce. "Sai ranar da na tuƙa ki. A kan gada zan yafe, in kin buɗe ido."

Ta yi dariya har da tari. Sannan ta daɗe tana kallon shuɗin duwatsun nan.

"Ja'iri. To Allah ya kai mu."

Cikin makon nan na tafi makaranta da safe kamar kullum. Ta ba ni ƙosai a takarda, ta ce in gyara wuyan rigata. Da na dawo na buɗe ƙofarta da sallama, Turancina a bakin ƙofa tare da takalmi. Ɗakin a share yake ƙal. An cire zanen gado, babu sallaya, babu carbi a jikin ƙusa, babu jakunkunan sadaka. Ƙanshin man zafi kawai ya rage. Umma tana tsaye a bayana.

"Iya ta tafi gida."

"Wane gidan? Ba nan ne gida ba?"

Ƙanwata ce ta leƙo ta ƙarƙashin hannun Umma ta ce ita tun tuni ta sani, har an ba ta 'yan kunne don ta yi shiru. Yarinyar da ba ta iya riƙe fitsari a mota ba, ita ta riƙe sirri wata guda. Na yi ihu har ƙararrawar hayaƙi ta ji kunya. Da Abba ya dawo ya zaunar da ni ya ce gwiwoyinta sun gaji da sanyi, kuma tana so in ta Allah ta kasance a sa ta kusa da mijinta. Ya ce tafiya a wurinmu ba a yi mata shela, saboda baki, sai an sauka lafiya ake faɗa.

"Abba, bakina ne zai kayar da jirgi? Anti ta sani, Kawu ya sani, wannan mai aman ta sani. Bakina ne kaɗai mai dafi?"

Ya cire tabarau ya murza ido. "Ita ta ce kada a gaya maka. Ta ce in ka sani za ka ɓoye mata fasfo."

Da na ɓoye kuwa. A cikin buhun shinkafa zan tura shi. Amma sanin halina bai ba su izinin yi mini haka ba.

Na yi kwanaki ba na gaishe da Kawu, don shi ya kai ta filin jirgi a motar da aka yi alkawarin a cikinta. Ranar da ya gaji ya tare ni a matakala ya ce, "Kai, ɗan Amurka, wa ya ce ba a yi maka sallama ba? Ai kai kaɗai ta ja gefe a kan dutse. In tsoho ya ce zo mu yafi juna, tafiya zai yi, ko ƙarama ko babba. Ko yaron goye a gida ya san wannan." Na ce masa to me ya sa duk shekarun nan da ake ja mini kunne a kan gaisuwa da cin abinci da dama, ba wanda ya koya mini wannan? Sai ya ce in zo mu je koyon fakin ɗin mota.

Na ci jarrabawar, aka ba ni lasisin. Ba da jimawa ba muka tashi daga Landover zuwa wannan gidan mai ciyawa da gareji, inda maƙwabci zai yi wata bai san kana raye ba. Ƙararrawar hayaƙin nan ko tari ba ta yi, don yanzu a waya ake kiran abinci. Kawu ya sayar da doguwar motar. Anti tana aiki ba hutu. In na ce a je dutse, Umma ta ce cunkoso, Abba ya ce asibiti, ƙanwata ta ce can babu sabis. Yaran yanzu a hoto suke ganin ganyen, su danna masa yatsa su wuce. Ba su san nauyin kula a matakala ba, ba su taɓa alwala da ruwan buta mai sanyin ƙanƙara a saman dutse ba, doki bai taɓa yi musu fashi ba. Ni ma da motar a hannuna ban koma ba. Na haye gadar Landover, na haye ta hanyar kanti, amma waccan doguwar ban taɓa tuƙi a kanta ba. Ba tsoro ba ne. Kujerar gaba tana da mai ita.

Duk ranar Lahadi Abba yana kiran gida. Da can sai an kankare kati, murya tana zuwa kamar daga rijiya, yanzu har fuskarta ake gani, ko in ce goshinta da silin, don ba ta iya riƙe waya ba. In an gama gaishe-gaishe sai ta ce a ba ta mijinta.

"Maigida, an ce ka zama direba. Mutum nawa ka take?"

"Ke nake jira."

"Ka yafe?"

"Ban yafe ba."

"Kai, Allah ya shirye ka. Haka za ka bar ni in je gaban Ubangiji da hakkinka a wuyana?"

"To kar ki je. Wa ya aike ki?"

Sai ta yi dariyar nan mai ƙarewa da tari, tarin kuma kullum yana ƙara tsawo. Umma takan bi ni har ɗaki ta ce in ji tsoron Allah, tsohuwa ce, in wani abu ya faru ban furta ba, da me zan kwana har ƙarshen rayuwata? Maganar kuwa tana shiga ta. Amma su suka koya mini darasin, kuma da tsada na saye shi. Tsoho in ya samu yafiya jakarsa yake ɗauka. Waccan tafiyar ƙarama ce, ta san waya za ta kai, shi ya sa ta iya tafiya da guntun aiki a baya. Babbar kuwa babu waya, kuma na san matata, ba ta kwanciya ta bar kwano ba a wanke ba.

Saboda haka ta zauna ta jira. Ganye ya yi ja, mota tana gareji da mai a cikinta, na kuma tura kujerar gaba baya saboda gwiwoyinta. Ranar Lahadi za ta sake tambaya, ni kuma na riga na shirya amsata.